Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Littafin da Aka Ƙwace

Makon jiya na tsaya a kan auren Yaya Babba da rigimar gonar fadama, na ce yau zan ƙarasa. Ku yi haƙuri, ba yau ba. Jikana na wajen Auta ya zo hutu da kwamfutarsa, ya buɗe mini wani abu ranar Talata, kuma tun daga ranar ban yi barcin kirki ba. Maganar gona ta shekara arba'in tana jira, mako ɗaya ba zai kashe ta ba.

Kun san Kawu, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Abin da ban faɗa muku ba shi ne ɗan dara ne na gaske. A gindin darbejiyar ƙofar gida yake haƙa gurabensa, shi da tsinke, abokin wasa da tsakuwa. Idan ya riƙe tsinke ya yi shiru har abokin ya fara tsaki, sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Lokacin ina ganin wayon tsoho ne na ɓata wa mutum lokaci.

A 1983 aka tura ni koyar da lissafi a wata makarantar kwana. Ba zan faɗi sunanta ba, waɗanda suka sani sun sani. Akwai wani malami Ba'indiye mai koyar da kimiyya, da zai koma ƙasarsu ya bar mini kwalin tsofaffin mujallu, gara ta ci gefen wasu. A ciki na tsinci Scientific American ta watan Oktoba 1970, inda Martin Gardner ya ba da labarin wani wasa da John Conway, masanin lissafi a Kambirij ta Ingila, ya ƙirƙiro. Wasan rayuwa ya sa masa suna. Fili ne mai gurabe kamar na dara, sai dai ba shi da iyaka, kuma ba abokin karawa. Kowane gurbi ko da rai ko babu, yana da maƙwabta takwas kewaye da shi. Mai rai idan maƙwabtansa masu rai biyu ne ko uku, ya tsira zuwa zagaye na gaba. In sun gaza biyu kaɗaici ya kashe shi, in sun haura uku cunkoso ya kashe shi. Gurbin da babu kowa, in masu rai uku cif suka kewaye shi, sai a haifi sabo. Shi ke nan dokar. Kai dai ka jera na farko ka koma gefe.

Daren nan na ɗauko littafin lissafi mai gida-gida na fara. Uku a jere suna miƙewa su kwanta, su miƙe su kwanta, har abada. Huɗu a dunƙule ba sa motsi ko kaɗan. Sai na zo kan mai biyar ɗin nan: uku a ƙasa a jere, ɗaya a saman na dama, ɗaya can sama a tsakiya. Na bi shi zagaye huɗu a hasken aci-balbal, don injin makaranta ƙarfe goma ake kashe shi. A zagaye na huɗu sai ga shi ya dawo da kamanninsa sak, amma ba a inda na ajiye shi ba. Ya gusa gurbi ɗaya a karkace. Na ɗauka kuskure na yi, na sake, haka dai. Abin da ya ɗaure mini kai, babu gurbi ko ɗaya da ya ɗaga daga wurinsa. Wasu sun mutu a baya, an haifi wasu a gaba, siffar ce kawai ta yi tafiya. Gilaida suke kiransa. Ni matafiyi na sa masa, yarana ma da haka suka san shi.

Daga baya ne na san yadda aka gano shi. Conway da abokansa ba da kwamfuta suka fara ba, a kan allon wani wasan mutanen gabashin Asiya suke jera duwatsu farare da baƙaƙe. Suna cikin bin wata siffa mai gurbi biyar, fitinanniya, wadda ba ta lafawa sai a zagaye na 1103, Richard Guy ya lura wani ɗan gutsure ya ɓalle yana tafiya shi kaɗai. Mutumin nan ya rasu a watan Maris 2020 yana da shekara 103, Conway ya bi shi a watan Afrilu, korona ta ɗauke shi. Muna cikin kulle jikana ya karanta mini a waya. Na yi shiru kamar an ce mini wani na gida ne.

Mu koma makaranta. Ranar Asabar da yamma nake tara yara shida ko bakwai a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Mu share ƙasa, mu ja layuka, tsakuwa ta zama mai rai, marfin kwalba ya zama wanda za a haifa, a ɗora tsinke kan wanda zai mutu. Sai an gama duba kowane gurbi kafin a taɓa komai, in ba haka ba lissafi ya rikice. Yaran da ba sa iya zama minti biyar a aji sai ga su awa biyu a durƙushe. Ni kuma ina rubuta duk abin da ya fito a littafina. Cikin wata bakwai na cika shi har bango.

Akwai wata siffa a shafukan ƙarshe. Gurabenta sun kai ashirin da wani abu, ɓangarenta na dama da na hagu iri ɗaya. Na bi ta dare uku. Ta murɗe, ta kumbura, ta tsuke, sai ga ta ta dawo kusan yadda take, ta matsa gaba, gurbi uku ne kawai ba su zauna daidai ba. Na tabbata a raina kuskuren ƙirga ne, idona ya gaji. Na ce Asabar mai zuwa zan sa yara mu sake bi a ƙasa.

Asabar ɗin ce firinsifal ya zagayo. Shekarar 1984 ce, ana tsakiyar yaƙi da rashin ɗa'a, kowane mai kujera ya zama soja. Ya tsaya a kanmu, ya dubi layuka da tsakuwa, ya ce, "Malam, bugun ƙasa kake koya wa 'ya'yan mutane?" Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, lissafi ne." Ya ce, "A wane shafin manhaja yake?" Ya sa ƙafa ya share filin, ya miƙo hannu. Na ba shi littafin, don a gaban yara ne. Ranar Litinin takardar tuhuma ta same ni a ɗakin malamai, ƙarshen zango aka yi mini canjin wurin aiki zuwa inda mota ke shiga sau biyu a mako. Sau uku ina komawa neman littafin. Na ƙarshe masinja ya ce mini an haɗa da tsofaffin takardun jarrabawa an ba mai ƙosai.

Da na kai wa Kawu kuka, ina jiran ya ce zai je ya same shi, sai ya ci gaba da gyara tsinkensa ya ce, "Ɗan nan, sannu ba ta hana zuwa." Ranar na ji haushinsa, Allah ya gafarta masa. Ya manta rabin maganar ne ko ya ɓoye mini, ban sani ba. An daɗe ba a je ba kam.

Shekarun da suka biyo baya ba na son dogon bayani a kansu. Aure na biyu, rasuwar Inna, karatun ƙaro ilimi a Zariya, ritaya.

Abin da jikana ya buɗe mini wata manhaja ce, Golly, kyauta ake sauke ta. Abin da muke yi awa biyu a ƙasa, kafin ka ƙyafta ido ta wuce shi sau dubu. Ya yi ta nuna mini matafiya, su kumbo suke ce musu, kamar na 'yan sama jannati. Uku na farko tun 1970 aka same su, masu gurbi 9 da 11 da 13, suna tafiya a miƙe, gurbi biyu duk zagaye huɗu. Wannan shi ne iyakar gudu a fili fetal, a karkace kuwa ba mai wuce matafiyina. A shekarar ne kuma Bill Gosper da abokansa a jami'ar MIT ta Amurka suka cinye dala 50 da Conway ya sa, da wata siffa mai gurbi 36 da ke harbo gilaida duk zagaye 30 ba ƙaƙƙautawa. Daga nan, in ji yaron, aka yi kusan shekara ashirin ba a sami kumbo mai sabon gudu ba, sai a 1989 da Dean Hickerson ya sa kwamfuta nema, ta fito da mai gurbi ɗaya duk zagaye uku.

Na ce ya maimaita. Kusan shekara ashirin. Ke nan a 1984, lokacin da ake share mini fili da ƙafa, duniya kaf ba ta da wani mai sabon gudu.

Na tambaye shi yadda kwamfutar ke nema. Ya ce kamar saƙa ne. Ka fara faɗa mata abin da kake so, misali siffar ta dawo bayan zagaye bakwai ta matsa gurbi biyu. Sai ta ɗora layi na farko, ta nemi na biyu da zai dace da doka a duk zagayen, ta ɗora na uku. In ta kai inda babu layin da zai shiga, ta warware ta koma baya ta gwada wani. Wuyar aikin ita ce a samu bayan ya rufe, ya ƙare a fili babu ragowa. Da irin wannan David Eppstein ya sami mai biyu cikin bakwai a 2000. Wata hanyar kuma watsi ne kawai: a barbaza gurabe barkatai a fili 16 sau 16, a bari su lafa, a duba abin da ya fita, a sake, sau biliyoyi. Miya suke kiran wannan, na yi dariya. Ta uku ita ce ƙira. Ana karo da gilaida da gilaida a samu abin da ake so, uku kacal suna haifar da ƙaramin kumbo. Akwai wanda aka gama a 2004 mai gurbi kusan miliyan 12, yana shimfiɗa wa kansa hanya a gaba yana bi. Akwai Gemini na Andrew Wade a 2010, wanda ke gina irinsa a gaba ya rushe na baya, taki ɗaya sai ya ci zagaye sama da miliyan 33. Da Kawu ya ga wannan da ya sami ɗan'uwa.

Biyu ne suka hana ni barci. Na farko Copperhead, sunan wani macijin Amurka. Gurbi 28 ne kawai, dama da hagu iri ɗaya, yana matsa gurbi ɗaya duk zagaye goma. Sai a watan Maris 2016 aka gano shi, shekara 46 yana kwance ba wanda ya lura. Zai shiga rabin shafin littafina. Ban ce shi ne ba. Na ce zai shiga.

Na biyu, a 2004 Eugene Langvagen ya sami wata siffa da ke neman yin tafiyar doki irin ta darar Turawa, biyu gaba ɗaya gefe, cikin zagaye shida. Gurbi biyu ne suka ƙi zama. Biyu, nawa uku. Ba wanda ya ƙwace masa takarda, aka adana ta, aka ci gaba da nema har Maris 2018 da Adam Goucher da Tomas Rokicki suka fito da Sir Robin, mai gurbi 282, yana wannan tafiya sumul. Jikana, da yake ba ya raga mini, ya ce, "Tsoho, ai na 2004 ɗin ba gyara shi aka yi ba, wani daban aka samo. Saura kaɗan ba ya tafiya." Na ce wa ya tambaye ka. Gaskiya ya faɗa, amma ko kuskure ne, ai nawa ne, ni ya kamata in gano shi da hannuna.

Na haɗu da firinsifal ɗin sau ɗaya, wajen ɗaurin aure, shekara bakwai ko takwas da suka wuce. Ya tsufa, ana riƙe da shi. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi sunana. Ya ce, "Allah sarki, malamin lissafi, yaron kirki." Na jira. Bai tuna komai ba. Na ci shinkafata na tafi.

Jiya da daddare na sa yaron ya zauna, na zana abin da nake iya tunawa a bayan takardar kuɗin wuta, ya shigar. Ta yi motsi kaɗan ta tarwatse, ta bar dunƙule biyu da mai miƙewa da kwanciya ɗaya. Na ce layi na huɗu ba haka yake ba, ya gyara, ta mutu gaba ɗaya. Mun gwada goma sha ɗaya kafin uwargida ta leƙo ta ce a bar yaro ya kwanta. Jibi zai koma makaranta, ya ce zai sa mini Golly a waya kafin ya tafi, na aiki a sayo mini littafi mai gida-gida a bakin kasuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, mu koma fadama, in faɗa muku abin da Baffa ya ce a gaban dagaci.