Ranar da na sauka da ƙaramin jirgi a Atlanta

Jirgin da na saba tuƙawa Cessna 172 ne na haya, mai kujeru huɗu da farfela ɗaya a hanci. Ko ya cika maƙil da mutane da mai, nauyinsa bai kai kilo 1,200 ba. Da shi na sauka a Hartsfield-Jackson na Atlanta, filin da ke da titin jirgi biyar a jere, wanda a 2019 fasinja sama da miliyan 100 suka bi ta cikinsa. Ta nan na fara taka ƙasar Amurka a jirgin Delta daga Legas, kuma tun ranar da na karɓi lasisi nake da burin komawa can da hannuna a kan sitiyari.

Shiri ya ci mini mako guda. Dokar Amurka ta hana ɗalibin tuƙi sauka a wannan fili, sai mai cikakken lasisi. Sararin da ke kewaye da shi na rukunin B ne, ba a shiga sai ka ji da kunnenka an ce an ba ka izini, kuma dole jirginka ya kasance da na'urar da ke nuna wa radarsu inda kake da tsawon da kake kai. Wannan tsauri da jini aka saye shi. Ranar 31 ga Agusta 1986 wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper ya shiga sararin Los Angeles ba izini, ya yi karo da jirgin Aeroméxico a saman unguwar Cerritos, mutum 82 suka mutu, 15 daga cikinsu suna ƙasa. Duk wanda ya ɗauki dokar nan a matsayin takura ga masu ƙananan jirage bai karanta labarin ba.

Na buga waya ofishin masu kula da zirga-zirgar jirage na tambayi lokacin da ya fi sauƙi, aka ba ni shawarar in zo da sassafe kafin cunkoso ya kankama. Na buga taswirar filin a babbar takarda na damƙa wa ƙanena. Ba matuƙi ba ne, amma yana da ido.

Muka tashi daga Athens, kimanin kilomita 100 gabas da Atlanta, gari bai gama wayewa ba. Iska kwance, ba gajimare. Na ji daɗin hakan a lokacin. Muna wuce dutsen Stone Mountain ta hannun dama rediyo ya cika, murya na bin murya ba numfashi a tsakani. Sai da na shirya maganata a baki kamar mai haddar karatu, na samu rata, na zuba ta cikin daƙiƙa biyar: ni wane ne, ina nake, me nake so. Aka ba ni izini, aka ce titi na 26R, wanda ya fi kusa da inda ƙananan jirage ke fakawa a arewacin filin.

Daga nan ne abin ya fara fin ƙarfin shirina. Mai radar ya nemi in riƙe iyakar gudun da zan iya har kusa da titi. Dalilinsa a fili yake: ni nakan sauka a kan kilomita 120 a awa, jiragen da ke bayana suna zuwa da kusan 260. Na amsa da to. Bai rufe baki ba ya ƙara da cewa akwai babban Boeing a gabana, ko na gan shi? Na gan shi, fitilunsa na ƙyalli can ƙasa. Ya ce in bi shi, in yi hattara da guguwar bayansa. Na sake cewa to.

Amsa ta biyun nan ita ce wadda na fi yin tunani a kai har yau. A ƙa'ida, da zarar ka ce ka ga jirgin kuma ka yarda ka bi shi da ido, kauce wa guguwarsa ya dawo wuyanka. Kowane fiffike na babban jirgi yana barin iska mai murɗawa a bayansa, guda biyu ke nan, ɗaya ta kowane gefe, ba a ganinsu, suna nutsewa ƙasa a hankali. Idan iska na kaɗawa sosai takan wargaza su. A safiya irin tamu, suna nan suna jira. Maganin da aka koya mana shi ne ka tsaya sama da hanyar da ya bi, ka sauka gaba da inda tayoyinsa suka taɓa ƙasa. Na san wannan sarai. Amma don in riƙe gudun da na yi alkawari, sai na riƙa sunkuyar da hancin jirgi, ina zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan ban lura ba.

Ba gargaɗi. Fiffiken hagu ya faɗa kamar an fizge shi da igiya, takardar taswira ta tashi daga cinyar ƙanena ta manne a gilashi. Na murɗa sitiyari dama har ƙarshe, na tura wuta duka. Daƙiƙa biyu ko uku, jirgin ya miƙe.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya. Ɗauko takardar ka riƙe."

Gefen guguwar kawai muka taɓa, kuma muna da tsawo. Da a ce kusa da ƙasa ne, da ban san me zan faɗa wa mahaifiyarmu ba, in ma ni ne mai faɗar. Na hau sama da hanyar Boeing ɗin, na kira hasumiyar masu kula da saukar jirage na ce ba zan iya riƙe gudun ba, kuma zan sauka can gaba a kan titi. Amsar ta zo nan take, cikin murya ɗaya da wadda ake yi wa kowa: ba damuwa, an ba ka izinin sauka. Maganar da na yi minti biyar ina jin nauyin faɗa ke nan. Kunya ce ta hana ni, kar a ce mai ƙaramin jirgi ya zo ya tsayar da layi. Mutanen nan kuwa abin da suke bukata shi ne su ji gaskiyar abin da jirginka zai iya tun da wuri, su tsara sauran.

Titin ƙafa 9,000 ne, fiye da kilomita biyu da rabi, ni kuwa mita 500 ta ishe ni. Na rage wuta, na jira gudu ya sauka kafin in sauke filaf, wato faifan bayan fiffike da ke taimaka wa jirgi sauka a hankali, na wuce baƙin tabon tayoyin manyan jirage, na ajiye shi.

A ƙasa ma da sauran aiki. Daga kujerar Cessna idonka bai fi tsayin mutum ba, alamun hanya suna zuwa maka a kwance, ga jelar jirage ta ko'ina sama da kai. Wannan karon ban yi nauyin baki ba, na ce ni baƙo ne, a riƙa faɗa mini kwana ɗaya bayan ɗaya. Duk umarnin da aka ba ni na maimaita shi kalma-kalma, ƙanena na bin layin da yatsa a kan takarda yana cewa, "Nan ne, Yaya, dama." Na bar rata mai yawa tsakanina da bayan duk jirgin da injinsa ke aiki, don hucinsa kaɗai na iya kifar da namu.

Da na kashe inji sai na ga rigata ta jiƙe har baya. Muka biya kuɗin fakawa, wanda ya fi na duk filin da na taɓa sauka. Kafin mu koma cikin jirgi na zauna na rubuta a gefen taswirar abin da zan nema wajen tashi: a bar ni in jira minti uku bayan babban jirgi. Aka jera mu a layi tsakanin jiragen Delta biyu, da lokacinmu ya yi na nema, aka ba ni.