Anko uku a biki ɗaya

Asabar, garin Tawa, Nijar.

Da hantsi na hau kabu-kabu zuwa wajen tela. Saura kwana 9 bikin ɗiyar yayata, kuma anko uku aka fitar: atamfa ranar sa lalle, leshi ranar ɗaurin aure, shadda ranar kai amarya. Shaddar kaɗai jika 40 ce, ban da ɗinki, ban da aikin wuya.

Na tarar da shagon maƙil da mata, wuta ta ɗauke, kowa na fifita da gefen gyale. Wata na ta nuna wa tela hoto a waya, hannun riga take so mai hawa uku da duwatsu har ƙasa. Ya ce mata, "Hajiya, da wannan hannun ko loma ba za ki kai baki ba." Ta ce a ɗinka haka nan.

Ni fa ina son shadda, Allah ya sani. Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, a rina ta a Bamako, masu bugu su yi ta dukanta da itace har ta ɗauki ƙyalli, kina tafiya tana ƙara kamar sabuwar takarda. Abin da ya tsaya mini a rai maƙwabciyata ce. A bakin shagon muka haɗu, ta ja ni gefe ta ce ta sayar da tunkiyarta, wadda take kiwo don kuɗin makarantar yara. "Yaya, in ban sa ba, cewa za a yi ina baƙin ciki da auren." Na rasa abin ce mata.

Bayan la'asar na biya gidan Inna, na kwashe duka na faɗa mata. Ta tashi ta buɗe tsohon akwatinta, ta fito da zanen saƙi baƙi, har yanzu yana ƙamshin turaren wuta, da sarƙar azurfa mai tambarin Tawa, aikin maƙeran Buzaye. Ta ce da su ta je bikin duk ƙannenta, kuma ba wanda ya taɓa cewa ta maimaita kaya. Ta ɗaura mini sarƙar da hannunta. Na ji hawaye sun zo mini.

Bayan isha'i na kira yayata. Na ce, "Yaya, atamfar zan yi, kuɗin sauran biyun kuma zan saya wa amarya tukwane." Ta yi shiru, har na zaci layi ya yanke, sannan ta ce za mu yi magana gobe. Leshin yana nan cikin leda, ban bari tela ya sa masa almakashi ba.