Ranar da autata ta leƙa cikin teku

Shekararta 7 lokacin. Ta iya iyo daidai gwargwado, amma irin iyon nan na ɗaga haɓa sama, da zarar ruwa ya fantsamo mata a fuska sai ta runtse ido. Ni kuwa na daɗe ina shiga teku da gilashin ruwa da bututun numfashi, wato mutum ya kwanta rub da ciki a saman ruwa, fuskarsa a ciki, yana shaƙar iska ta bututun da bakinsa ke waje, yana kallon abin da ke ƙasa. Na ƙagu ta ga abin da nake gani, kuma wannan ƙaguwar ce ta ɓata mana ranar farko.

Na saka mata gilashin, na ɗaure igiyarsa tamau don kada ruwa ya shiga, na ja ta har inda ruwa ya kai mata ƙirji, na ce ta kifa fuska. Ko daƙiƙa biyar ba ta yi ba ta ɗago tana tari, ta haɗiyi ruwan gishiri, idonta ya yi ja. "Baba, hancina ya toshe, ba na so." Ta fita, ta zauna a yashi, ta ba wa tekun baya har yamma. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san tsoron da yaro ya ɗauka a irin wannan rana yakan bi shi shekaru.

Gaskiyarta ce kuwa. Gilashin yana rufe hanci ruf, ita kuma tun da aka haife ta da hanci take numfashi. Na nemi ta sauya wannan cikin ƙiftawar ido, a cikin ruwan da ke rausaya ta. Wani malamin iyo da ke kula da wurin ya karɓi gilashin ya duba, ya ce ya yi mata faɗi. Ya nuna min yadda ake gwadawa: a ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, a ja iska kaɗan ta hanci, idan ya manne bai faɗo ba to ya yi daidai. Ya ƙara da cewa matse igiyar da na yi shi ya lanƙwasa robar gefen har ruwa ya sami hanya, kuma ko silin gashi ne ya shiga ƙarƙashin robar, zai riƙa ɗigo.

Bututun ma na manya ne na ba ta. Wannan kuskuren ya fi na gilashin haɗari, kuma ban san shi ba sai ranar. Duk numfashin da mutum ya fitar, wani kaso nasa yana tsayawa a cikin bututun, shi ne kuma zai fara shaƙa kafin sabuwar iska ta iso. Babba mai faffaɗan huhu ba ya jin komai. Yaro kuwa, idan bututun ya yi masa girma kuma yana haki sama-sama, yawancin abin da yake ja tsohuwar iskarsa ce, sai ya gaji, kansa ya yi nauyi. Shi ya sa na yara ya fi gajarta da siranta, shi ya sa kuma ake cewa a ja numfashi a hankali, mai zurfi.

Rana ta biyu ko kusa da teku ba mu je ba. Na samo mata kayan da suka yi daidai da ita, ta saka tana yawo da su a ɗaki, tana jin ƙarar numfashinta a bututun tana dariya. Daga baya na cika babban baho da ruwa, na zuba duwatsu ƙanana, na ce ta ƙirga min su ba tare da ta ɗago ba. Ta ƙirga 12, ta sake ƙirgawa. Sai na ɗiga ruwa kaɗan a bututun da gangan, bayan na faɗa mata zan yi, na koya mata ta hura da ƙarfi kamar za ta ce "tu!" Ruwan ya yi tsalle ya fita. Wannan wasan ta fi so, ta jiƙa min riga sharkaf.

Washegari da sassafe muka fita, iska ba ta taso ba, tekun ya kwanta lumui. Ta saka rigar hana nutsewa. Ta tofa yawu a cikin gilashin ta goge ta ɗauraye, don kada ya yi raɓa, bayan ta tambaye ni sau biyu ko da gaske nake. Muka yi yarjejeniya: hannunta a cikin nawa, in ta matsa sau ɗaya lafiya lau, in sau biyu mu ɗago tare. A ruwan da bai wuce gwiwata ba muka fara, kuma na ƙudurta ba zan ce mata ta kifa fuska ba sai ta yi da kanta.

Ta yi. Na ji hannunta ya sandare, sannan wata irin ƙara ta fito ta bututun, ihu ne da ba shi da hanyar fita. Wasu kifaye ne masu ratsin baƙi da rawaya, sun kai goma, suna zagaya ƙafafuna. Ta miƙa hannu ta damƙi ruwa. A bayan gilashi komai yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matsowa kusa, saboda yadda haske ke lanƙwasa idan ya fito daga ruwa ya shiga iskar da ke gaban ido. Daga baya da take kwatanta wa mahaifiyarta girman kifayen da hannu biyu, ban gyara mata ba, domin haka ta gan su.

Da muka matsa kan duwatsun murjani sai ta matsa hannuna sau biyu. Na ɗago da sauri, gabana na faɗuwa. Ta zare bututun ta ce, "Baba, kana ji? Kamar ciyawa na ci da wuta." Na daɗe da daina jin wannan ƙarar saboda sabo. Wasu ƙananan jatan lande ne da ke ɓoye a ramuka, suna ƙyasta babbar ƙafarsu guda. Sauti a ruwa yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, shi ya sa ba ka gane ta ina yake fitowa, sai ka ji kamar a cikin kanka ne. A cikin ƙarar akwai kuma wani ƙurus-ƙurus, na kifi mai bakin aku, kore da shuɗi, yana gatsar dutsen murjani don ya ci gansakukar da ke kai. Muna kallonsa ya saki farin gari a bayansa. Na ce mata dutsen da ya niƙa ne, kuma wani ɓangare na farin yashin da ta yi wasa da shi daga nan ya fito. Ta ƙyalƙyale da dariya, kumatunta suka ɗaga robar, ruwa ya shiga. Wannan karon ba ta firgita ba, ta ɗago, ta zubar, ta koma.

Doka ɗaya na kafa mata, ido kawai, ban da hannu, ban da tsayawa a kan komai sai yashi. Akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙale a tsakanin duwatsu, ƙayarta tana karyewa a cikin fata. Shi kansa murjanin yana yanka, kuma ba dutse ba ne zalla kamar yadda ta zata. Ƙananan dabbobi ne dubbai suka gina shi suna zaune a kai, wasu nau'o'in ba sa ƙara fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara. Duk duniya wuraren murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku suna rayuwa a jikinsu. Mun wuce wani wuri da ya yi fari fat kamar ƙashi, kifi ma ƙalilan ne. Ta tambaye ni me ya same shi. Na ce idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjani yakan kori ƙwayoyin gansakukar da ke cikin jikinsa, waɗanda ke ba shi launi da abinci, kuma idan zafin ya daɗe sai ya mutu. Ta yi shiru, ta waiwaya ta sake kallonsa. Ban so na faɗa mata ba, amma ba zan ɓoye mata abin da ta gani da idonta ba.

Wani abu ya tsorata ni a ranar, kuma daga wajena ne. Na shagala da kallo, da na ɗago sai na ga bishiyar da na sa a matsayin alama ta koma can gefe. Ruwa ya ja mu ba mu sani ba. Tun daga nan nake ɗaga kai akai-akai, kuma ko da rigar hana nutsewa ba na barin ta wuce inda hannuna zai kai, domin yaron da ruwa ya ci ƙarfinsa sau da yawa ba ya iya ihu. Wajen minti 25 na ga leɓenta na karkarwa. Ta rantse ba ta jin sanyi. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, ga ta 'yar siririya, don haka na fitar da ita tana gunaguni. Da dare kuma bayan ƙafafunta ya yi ta raɗaɗi, rana ta gasa inda ban shafa wa man kariya ba.

A ranarmu ta ƙarshe ita ke jan hannuna. Ni na saba wucewa ina neman babban abu, kunkurun teku ko wani ƙaton kifi. Ita kuwa ta tsaya cak a kan wani dutse da na riga na wuce, ta jawo ni baya. Wani babban kifi ne ya tsaya ya buɗe baki, wani ɗan siriri mai baƙin layi a gefensa yana shiga yana fita, yana tsince masa ƙwari, har cikin tsagar gefen kansa da yake numfashi ta nan. Da ya gama sai babban ya tafi, wani ya matso ya buɗe nasa bakin. Mun fi minti goma a wurin. Da muka ɗago ta cire bututun, shatin gilashin ya fito raɗau a goshinta, ta ce, "Baba, layi suke bi. Akwai saura biyu, mu koma."