Mahaɗin sandar biliyar da hunturun Yamai

Yawancin sandunan biliyar da ake kawo mini gyara, a tsakiya ciwonsu yake, inda kai da gindi suke haɗuwa. Mahaɗi muke ce masa. Bis ne mai haƙora a gefe ɗaya, ramin da yake shiga a ɗaya gefen, sai zobba biyu da ke riƙe bakin itacen kada ya tsage. Duka bai wuce tsawon yatsa ba, amma da shi nake ci, ni da yarana uku, a ɗan atiliyen da nake da shi kusa da kasuwar Katako.

Asalina mai aikin tur ne, wato injin da ke juya ƙarfe ana yanka shi, ina yanka wa masu famfo da masu babura ƙarafa. Da teburan wasa suka yawaita a unguwanni, daga Bukoki har Harobanda, sai sanduna suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, har suka cinye rabin aikin.

Makon jiya wani saurayi ya zo da tasa, mahaɗin yana walƙiya kamar madubi, amma ko an ɗaure sai ta riƙa kaɗawa. Ya ce, "Baba, inoks ne fa, mai shagon har rantsuwa ya yi mini." Na ce, "To ɗana, bari magagari ya faɗa mana." Goga biyu na yi a gefen zoben, farin ya ɓare, wani ƙarfe mai launin toka ya bayyana, mai laushi. Tutiya ce aka narka da ɗan alminiyom, aka zuba, aka shafe da kurom. Irin wannan ba ya kai shekara a hannun mai wasa kullum, haƙoran sai su gutsure. Abin yana mini ciwo, don yaran nan tara kuɗin suke yi jika-jika.

Inoks na gaske kuwa ƙarfe ne na kirki. Ba ya tsatsa, haƙoransa ba sa cinyewa, kuma yana ba da bugu mai tauri, ka ji "tas" har cikin tafin hannu. Aibinsa a garinmu guda ne, ba ya tafiya da itace. Sandunan nan da itacen ƙasashen sanyi ake yin su, erabul na Kanada da Amurka ko kuma firen. Da damina itacen ya sha laima ya kumbura, hunturu na kamawa ya tsotse ya koma, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ya zo ya gasa kol ɗin da aka manne zoben da shi. Zoben inoks yana nan yadda yake. Sa farce a bakin zoben cikin Janairu, za ka ji ɗan tudu ya fito. Daga nan ƙara ke farawa.

Shi ya sa in aka bar mini zaɓi, tagulla nake sa wa bis da raminsa. Jan ƙarfe ne da tutiya a haɗe, tana yankuwa a tur lafiya lau, haƙoranta suna fita sumul, ba ta tsatsa, sai dai ta dushe a goge ta. Masu sandunan snuka, wani nau'in biliyar na Ingila, ma ita suka riƙe. Sai dai tana da nauyi, ta ninka alminiyom sau uku. Sandar da tsawonta ke kusan santimita 147, nauyinta tsakanin giram 510 da 600, in ka ƙara mata ƴan giram a tsakiya, gwani zai gane tun bugun farko. Don haka kafin in cire komai sai na auna, na ɗora sandar a yatsa na yi alama inda take daidaita. Alminiyom ina sa shi ne in dole sai an rage nauyi, amma ba na son sa, ƙura na shiga haƙoransa sai ya cije. Tagullar kuma nakan nemi miƙaƙƙiya. Ta tsohon kan famfo zubi ce, wani lokaci sai kana cikin yanka ka tarar da rami a ciki.

Zobe kuwa fenolik ya fi mini komai. Ƙyalle ne ko takarda da aka jiƙa da wani irin danƙo aka matse da wuta, dangin abin da ake yin ƙwallayen biliyar na Aramith a Beljiyam. Ba shi da nauyi, kol epoksi yana kama shi da kyau, bugunsa kuma yana kusa da na itace zalla. A Katako nake tsinto shi, cikin tsofaffin allunan kayan lantarki masu ruwan ƙasa. In ana yanka shi yana da wari da ƙura, sai na tilasta wa yara su ɗaure hanci. A da can manyan sanduna da hauren giwa ake musu zobe, kafin a hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989. Ni ko kyauta aka kawo ba zan taɓa ba. Ƙahon bijimi dai na gwada, ya yi kyau ƙwarai, baƙi da ratsin fari, amma hunturu ɗaya ya yi ya fara ɓawo, na daina.

Ɓarnar da ta fi yawa ba ma daga masana'anta take ba, daga gyaran gaggawa ne. Bis ɗin sanduna da ma'aunin inci ake yanka shi, akwai 5/16x14, da 5/16x18, da 3/8x10 wanda galibi kai tsaye yake shiga itace. Lambar farko kaurin bis ɗin ne, ta ƙarshe yawan haƙora ne a inci guda. Kasuwarmu kuwa bulon na milimita ne. Bulon M8 kaurinsa kusan ɗaya ne da 5/16, sai mutum ya ga ya shiga zagaye biyu, ya danna da ƙarfi, ya kashe ramin gaba ɗaya. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan waje suka ƙara jinkiri, sai na koma yanka nawa da kaina, kowane bis da raminsa tare.

Sandar saurayin nan tana rataye yanzu a bango, a tsaye, ba a jingine ba. Na huda mata sabon rami a tur, na sa tagulla da zoben fenolik, na murza ta a kan gilashi na ga ba ta tsalle. Ya so ya karɓa a ranar don suna da wasa a fadarsu da dare. Na ce masa kol sai ya kwana ya yini, ya dawo jibi bayan la'asar.