Shimfiɗar walimar kaka da na yi bana

Assalamu alaikum jama'a, kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi hidima ce ta sha kaina. A gidan su maigidan akwai wata al'ada da na tarar tun da aka kawo ni, duk shekara in an gama kwaso amfanin gona, an yanke dawa an kai rumbu, Baba ya fitar da zakka, to sai ya ce a tara mashi 'ya'ya da jikoki a ci tuwon sabon hatsi tare. Gonar tana can wajen Rimi, ta ruwan sama ce, don haka dami ɗaya cikin goma yake cirewa, kuma ba a ɗora tukunyar walima sai wannan damin ya bar gidan. Ba idi ba ne fa, kar wani ya ce mun ƙirƙiro wani abu, idinmu biyu ne kowa ya sani. Zumunci ne kawai da godiya ga Allah, balle yanzu da muke ganin 'yan uwanmu na wajen Batsari da Safana da Jibia da yawa gonar ma ta gagare su zuwa saboda rashin tsaro, wanda ya samu ya noma ya kwaso lafiya ai dole ya gode.

Bana a gidana aka yi nan Ƙofar Kaura, karo na biyu kenan, saboda tsakar gidanmu ya fi na sauran faɗi. Abin da nake so in ba ku labari shi ne shimfiɗar, don bara na yi kuskure kuma abin ya tsaya mani a rai shekara guda cur.

Ƙanwar maigidan tana karatu a Amurka. Su can suna da bikinsu na godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, hutu ne na ƙasa baki ɗaya, tun 1863 shugabansu Abraham Lincoln ya ayyana shi, iyali su taru a gasa talotalo guda a ci da dankali da masara da wani abin zaƙi da suke yi da kabewa. Wasu ƙawayenta suka gayyace ta, ta turo mana hotuna a WhatsApp, ni kuwa tebur ɗin ne ya tafi da hankalina. Doguwar ƙyalle a tsakiya, ƙananan kabewa jajaye da farare, busassun ganye masu launin ja da ruwan goro, kyandirori dogaye, kowane faranti da cokula a jere hagu da dama, kofin gilas yana walƙiya. Nace wallahi sai na yi irin wannan.

Haka na shiga babbar kasuwa na sayo ganyen roba da furen roba da kyandir dozin guda, na aro faranti masu fashewa wajen maƙwabciyata, na haɗa daininmu, wato teburin cin abincinmu, da wani tebur na jera kujeru. Don ya zama akwai na gida a ciki sai na sa aka kawo mani zangarniyar gero na cusa a wani tulun gilas na kafa a tsakiya. Ido dai ya ga kyau, har hoto na ɗauka.

Baba na shigowa ya tsaya ya dubi teburin, bai ce komai ba, can sai ya ce wa jikansa, kai ɗauko mani tabarma. Ya zauna ƙasa. To Baba na ƙasa wa zai hau kujera? Maza duk suka bi shi, aka riƙa sauko da faranti ɗaya bayan ɗaya ana ajiyewa a kan siminti, biyu suka fashe, na mutane kuma. Yaran da suka rage a teburin kuma aka kunna masu fanka, ƙaiƙayin geron nan ya tashi ya bi wuya ya bi miya, kowa na susa, ƙaramar ciki har da kuka. Kyandir kuwa Hajiya da kanta ta bi ta hure su, tace Maman Ummi busasshen kara da wuta da yara a wuri ɗaya, ai ba a haka. Ba faɗa ta yi mani ba, a hankali ta faɗa, amma na ji kunya sosai, na shiga kicin na yi hawaye don na san na wahala kuma na kashe kuɗi.

Daga baya da na zauna na sake kallon hotunan nan sai na lura da abin da ban lura da shi ba da farko. Su abin da suka ɗora a teburinsu abin da ƙasarsu ta ba su ne a wannan lokacin, ganyen nan a ƙofar gidansu yake zubowa in sanyi ya gabato, kabewar daga gonakinsu take, kuma a tebur suke cin abinci kullum tun kakanninsu. Ni kuma na je na sayo na roba alhali kaka ta cika mani gida da abin ado na gaske, kuma na shirya wuri ba don mutanen da za su zauna ba, don hoto.

Bana tun da saura sati biyu na je wajen Hajiya na durƙusa nace Hajiya dan Allah ki ara mani kayanki na da. Ta yi murmushi ta sa aka jawo wani tsohon buhu daga ƙarƙashin gado. Jama'a in kun ga abin da ke ciki! Akushi uku baƙaƙe wuluk, ɗaya tace na uwar Baba ne, da ƙoshiya, da ludayi kusan goma, da faya-fayai masu ado ja da kore da baƙi waɗanda aka yi mata tun na jerenta, da wani farin gwado na saƙi mai ratsin shuɗi mai nauyi kamar me. Akushin duk sun yi fari-fari don daɗewa, tace kar in jiƙa su a ruwa za su tsage, in wanke sama-sama in shanya a inuwa in shafe su da man gyaɗa. Na yi hakan sau biyu, wallahi sai ga su suna sheƙi, babu wani kwanon kanti da zai tsaya kusa da su. Ƙore kuma na aika aka sayo mani sababbi a kasuwar Charanchi ran Lahadi, masaki ɗaya babba da madaidaita shida da ƙoƙuna. Sabuwar ƙwarya tana da ɗaci, dole sai an kankare cikinta an jiƙa ta kwana biyu ana canza ruwa, ni har da ruwan tsarin gero na zuba mata kamar yadda Hajiya tace, in ba haka ba furarki ta lalace.

Ranar walimar ga yadda na yi. Bayan la'asar aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, kun san hunturu ya fara buso mana, abin da ka goge yanzu in ka juyo ya yi fari. Na shimfiɗa tabarmin kaba manya wuri uku, na maza a gindin darbejiya, na mata ta wajen ƙofar falo inda ba a kallon juna kai tsaye don surukai su sake su ci abinci, na yara kuma kusa da mata inda ido zai kai. A na mazan na ɗora darduma da tum-tum ta gefen bango na Baba, ya samu wurin jingina kuma yana fuskantar ƙofa, duk wanda ya shigo shi zai fara gani ya gaishe shi. Gwadon nan na ninka shi biyu a tsawonsa na shimfiɗa a tsakiya, amma na sa farar leda mai haske a kansa daidai inda miya za ta zauna, don in manja ko man shanu ya taɓa saƙin nan ban san da wane ido zan kalli Hajiya ba.

Adon tsakiya shi na fi daɗewa a kansa. Masakin na ɗora shi a kan gammo, wannan ku riƙe shi, duk ƙwaryar da za ki ajiye a shimfiɗa ki yi mata gammo, ni da guntayen atamfa na naɗa nawa sai suka zama ado su ma, in babu gammo yaro na taɓa ta ta kife. A cikin masakin na sa kabewa ɗaya madaidaiciya, na kewaye ta da jar dawa da farar dawa, zangarniyar na kakkaɓe su sosai na ɗauraye na shanya tun kwana uku kafin ranar, gero kuwa ban kawo shi kusa da abinci ba sam, dami ɗaya ƙarami na jingina can bakin zaure inda masu shigowa za su gani. Ƙoƙunan na zuba wa ɗaya gyaɗa mai ɓawo, ɗaya farin wake, ɗaya riɗi, ɗaya aya, ɗaya busasshen soɓorodo ja wur, ɗaya jan barkono. Ku tsaya ku kalli launukan nan a ranku, ja da fari da ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa a kan farin gwado, ga baƙin akushi a gefe. Ko sisi ban kashe a kansu ba, duk daga sito na ɗebo in ban da ayar. Kuma ban bari adon ya yi tsayi ba, in mutum ya zauna ƙasa ya riƙa ganin fuskar na gabansa, bara tulun gilas ɗin nan ya tare mutane sai leƙe ake.

Abincin ba wani mai yawan kala ba ne. Tuwon sabuwar dawa da miyar taushe, kabewar da yakuwar da gyaɗar duk na gonar ne, sai waina, sai farfesun zabi, talotalonmu kenan, sai fura da nono da zoɓo. Tuwon Baba da ƙannensa biyu a akushi na sa na rufe da faifai, sauran a kuloli don kar ya huce, amma kulolin ban jera su a kan shimfiɗa ba, na ajiye su a kan wani benci a gefe na rufa masu ƙyalle, ana buƙata ana ɗebowa. Man shanu da yaji kowace shimfiɗa da nata a ƙananan kwanoni, kar a yi ta miƙo mani miƙo mani ta kan manya. Furar a ƙore, kowace da faifanta da ludayi a kai. Kofuna da faranti duk a kife na bar su har aka zauna saboda ƙura.

Abin da na manta da shi bara gaba ɗaya shi ne wanke hannu, na tsaya jera cokali mai yatsu mutanen da tuwo za su ci. Bana buta biyu da tasa da sabulu da ƙaramin tawul na tanada, ruwan da ɗan ɗumi saboda sanyi, na sa yaran maza biyu masu wayo suka zagaya da su, aka fara daga Baba aka bi ta damansa. Wallahi wannan kaɗai ya canza wurin, yaran ma sai suka ji an ba su girma.

Dainin ɗin ma ban yar da shi ba, 'yan matan gidan da samari 'yan jami'a sun fi son can, na bar masu shi a falo da faifai a ƙarƙashin kowane faranti da ƙwarya ɗaya ta gyaɗa a tsakiya. A tsarin Turawa cokali mai yatsu hagu yake zama, wuƙa da cokali dama, kaifin wuƙar na kallon faranti, kofi a sama ta dama. Ni dai duk na mayar da su dama na cire wuƙar, da dama muke ci kuma babu abin yankawa a waina.

Haske kuma fitilu masu caji huɗu na rataya a igiyar shanya da reshen darbejiya, nesa kaɗan da abincin don ƙwari su tafi can, ko an ɗauke wuta babu ruwanmu. Turaren wuta na sa tun kafin magariba na ɗauke kaskon kafin a fito da abinci, ba na son ƙamshinsa ya danne na man shanu da daddawa.

Bayan sallar isha'i suka shigo, mu 26 har da yara. Ina daga ƙofar kicin ina leƙe gabana na faɗuwa. Baba ya zauna a dardumarsa ya jingina, aka wanke mashi hannu, ya ɗaga faifan ya ga akushin sai ya yi shiru, ya shafa bakin akushin da yatsa daidai inda ya ɗan ɓalle. Ya ɗaga murya ya ce Hajiya, wanga ba na Inna ba ne? Hajiya daga cikin mata tace shi ne Alhaji. Ya ce ina aka gano shi, tace ɗiyarka ce ta zo ta tone mani buhu. Daga nan ya fara ba jikokin labarin yadda suke zagaye akushin nan su biyar suna yara, babba ne ke fara sa hannu kuma ƙarami ake bar wa ƙarshe, yaran da ke dainin ma sai gasu sun fito da farantansu sun zauna bakin tabarma suna ji.

Da za su tafi ya sa aka kira ni, na zo na durƙusa daga nesa, ya ce Allah shi yi maki albarka ɗiyata, na ce amin Baba. Wake da gyaɗa da riɗin da na yi ado da su Hajiya ta ƙulla su a leda ta raba wa maƙwabta da almajiran da suka taya mu wanke-wanke, kabewar kuma washegari na fasa ta muka sake taushe. Gwadon na wanke na mayar mata ran Juma'a, akushin uku kuwa tace in bar su wajena tunda baɗi ma nan za a yi in Allah ya kai mu.