Godiya Bayan Tiyatar da Aka Yi wa Inna

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo Inna daga asibiti, tana gida, har ta fara shan kunu da kanta. A madadin iyalan gidanmu nake wannan godiya.

Ga masu tambayar abin da ya same ta: cutar funfuna ce, likitoci na ce mata mukomaikosis, wadda ta kama mutum sama da 40,000 a Indiya a 2021 bayan korona. Ta fi samun mai ciwon sukari idan sukarin ya hau sosai. Da ciwon haƙori ta fara, sai kunci ɗaya ya kumbura, hanci ya toshe, haƙoran sama suka soma girgiɗa, ganɗa ta yi baƙi.

Godiyarmu ta farko ga likitar haƙorin da ta ga wannan baƙin, ta ƙi cire haƙori, ta tura mu asibitin koyarwa a ranar. Allah ya saka mata da Aljanna.

Sai likitocin tiyata. Babbansu ya zaunar da mu, ya yi mana bayani da Hausa: funfunar tana shiga jijiyoyin jini ta toshe su, naman wurin ya mutu, magani kuwa ba ya kaiwa inda jini ba ya zuwa. Dole a yanke kafin ta haura ido da ƙwaƙwalwa. Wallahi sa hannu a takardar nan ya yi mana nauyi, amma bai ɓoye mana komai ba, shi ya sa muka natsu. An cire ɓarin muƙamuƙin sama da haƙoransa, an kwashe mataccen nama daga kogon ƙashin da ke gefen hanci, daga baya aka sake shiga aka ƙarasa. Idonta ya tsira.

Nas-nas ɗin da suka kwana a kanta tana rawar ɗari saboda ƙarin ruwan amfoterisin, wato maganin kashe funfunar, suna bin gwajin ƙodarta kullum, mun gode. Maganin nan tsada gare shi. Kawunnanmu, maƙwabta da jama'ar masallacin unguwa ne suka ɗauke mana. Matasan da suka ba da jini, wasunku ko sunanku ba mu sani ba, Allah ya sani. Mun gode wa wanda ya ƙera mata robar da ke toshe ramin ganɗa, yanzu ruwa ba ya biyowa ta hanci, ana kuma jin maganarta.

Har yanzu tana kan magani, a ci gaba da sa ta a addu'a. Masu zuwa dubiya a bari sai bayan la'asar, da safe muna kai ta wankin ciwo.