Godiya bayan an cire wa yarona robar ƙirji

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya da la'asar muka iso gida Daura da ɗana, bayan kwana 16 a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Duk wanda ya kira bai same ni ba a kwanakin nan, ya yi mini afuwa.

Da tari da zazzaɓi abin ya fara, muka ɗauka sanyin hunturu ne. Sai numfashi ya koma sama-sama, ba ya iya kwanciya sai ta ɓarin dama. Da aka ɗauki hoton ƙirji, ashe nimoniya ce ta yi nisa har mugunya ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, ta danne huhun dama. Likita ya ce sai an sa roba an zuƙe ta.

Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi. A dangi har an fara maganar kiran wanzami ya yi ƙaho. Hajiyarmu ta fi kowa ƙin a sa robar, ta ce, "Ƙirjin yaro ɗan shekara 6 za ku huda?" Likitan nan, Allah ya saka masa, ya rage tsawo a gabanta ya ce, "Mama, ba huhun za mu taɓa ba, hanya za mu buɗe wa abin da ya danne shi." Aka yi allurar kashe zafi, aka shigar da robar ta tsakanin haƙarƙari a ƙasan hammata, aka ɗinke ta da fata, ɗaya bakin kuma yana nutse cikin ruwa a wata kwalba. Ruwan ne ke hana iska komawa ƙirji. Abin da ya fita a daren farko, ni kaina sai da na kau da kai.

Daga ranar Hajiya ta zama mai gadin kwalba. Tunda aka ce mata kada a ɗaga ta sama da ƙirjinsa don kada abin ya koma ciki, ko ni na matso sai ta harare ni. Ita ke kallon ruwan yana hawa da sauka in ya ja numfashi, ita ke sa shi hura balan-balan don huhun ya buɗe. Hajiya, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Nas-nas na ɗakin yara, masu auna abin da ya fita kowace safiya, ba mu da bakin gode muku. Yayana da ya tuƙo mu cikin dare, jama'ar masallacin unguwarmu da suka haɗa mana kuɗin magani, da ƙanwar maiɗakina da ta riƙe sauran yaran, Allah ya biya ku da Aljanna. Waɗanda muka baro a kwance, Allah ya tashi kafaɗunsu.

Yanzu yana cin abinci, fura ya fara nema. Masu zuwa dubiya a bari sai bayan la'asar, don da rana barci yake yi. Nan da mako biyu za mu koma a sake hoto.